Makullin Sito da Gangar da Ta Kore Mu Daga Jidda

A Mahjar, wata unguwa a Jidda, aka haife ni. Mahaifina maigadin wani siton kayan lantarki ne a Khumra, shekara ashirin yana ƙarƙashin kafili ɗaya, wato ubangidan da ya tsaya masa, kuma iƙamar gidanmu duka, takardar izinin zamanmu, a hannun mutumin nan take. Ni kuwa ganga kawai na iya. Na koya wajen 'yan mizmar na unguwarmu, masu rawa da sanda ranar biki, na haɗa da kalangun da kawuna yake kaɗawa.

Wani Bafilifine mai gyaran firji ne ya ba ni kaset ɗin kiɗan Turawa da suke kira pank. Ba ladabi, ba lallashi, ihu ne da gudu, waƙa ba ta kai minti biyu. Na ji kamar sun san haushin da ke cina: a haife ka a gari, kullum ana tambayarka takarda.

Mu huɗu muka haɗa ƙungiya. Fahad da 'yan'uwansa biyu 'yan ƙasa ne, su ke da jita. Na zuba musu bugun mizmar a ƙarƙashin ihun, Fahad ya ce duk Jidda ba mai sautinmu. Kaina ya kumbura. Da muka rasa sifika sai ya ce, "Yalla mana, ba babanka ke riƙe da makulli ba?"

Na saci makullin, na fara da kwasar wayoyi, sai makirfo, sai manyan sifiku biyu ranar Juma'a, Baba yana masallaci. Da aka kama mu, kafin la'asar iyayensu sun fitar da su. Munafukin nan Fahad ya rantse a hanya kawai yake ganina. Na yi shekara biyu a kurkuku, kafili ya ce halas, an gama, ya soke iƙamar Baba, aka kori gidanmu duka.

Da aka sake ni aka sa ni a jirgi. Na tarar da su Baba a ɗaki ɗaya na haya a Kano, ƙannena mata ko cefane ba sa iya yi da Hausa. Na durƙusa ina neman gafara. Baba bai zage ni ba, ya ce, "Da ka roƙe ni makullin na hana ka, da yanzu muna gida."

Na tuba. Samari, kada wanda yake da gata ya zuga ku ku taɓa amanar iyayenku. An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ni na ɗebo, bakin ubana ne ya ƙone.