Tuƙin ƙarshe a bayan Basawa

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon fotokwafi a Samaru, mu uku ne kaf Zariya, a iya sanina, muka ɗauki tseren motoci na duniya da zafi. Ba irin wanda ake zagaye fili ɗaya har kai ya juya nake nufi ba. Wancan nake nufi da ake bin daji da duwatsu, wannan watan a wata ƙasa, wata mai zuwa a wata. Ni ne, da abokina makanike da ke da gareji a Chikaji, sai wani dattijo mai gyaran talabijin a PZ, wanda shi ne mai satalayit ɗin. A gidan kallo kuwa ba ka isa ka ce a cire ƙwallo a sa maka motoci ba, sai dai in kana so a fito da kai ta taga. Don haka duk ranar da za a nuna, sai in rufe shago da la'asar in hau bas zuwa PZ, mu zauna a tsakiyar matattun talabijin muna kallon guda ɗayan da ke da rai.

Abokin nan nawa haifaffen Sabon Gari ne, Kirista, iyayensa daga kudu suka zo. Amma in ya buɗe baki da Zazzaganci sai ka rantse a cikin ganuwa aka yanke masa cibiya. Malam yake ce mini don tsokana, wai tunda ina zaune kusa da jami'a ai karatun ya shafe ni. Ni kuma Oga nake ce masa.

Musunmu ɗaya ne kullum, kuma bai taɓa ƙarewa ba: wace irin hanya ce ta fi cancanta a yi tsere a kanta. Ni ɗan kwalta ne. In aka zo tseren Sifen, mota ta kwanta a kwana tayoyi suna kuka, nan nake miƙewa tsaye. Dattijon kuwa ba shi da magana sai dusar ƙanƙarar Suwidin, mutumin da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin firji. In aka yi ɗan yayyafi a Zariya ma da rigar sanyi biyu yake fitowa, amma ya zauna yana yi mana bayanin yadda ake shan kwana a kan ƙanƙara.

Abokina shi na ƙasa ne: tsakuwa, taɓo, yashi, gargada.

"Malam, kwalta ai ko kakata sai ta tuƙa," in ji shi. "Ka ba ni hanyan da za ta yi maka gardama. Nan ake gane direba."

"Kakarka ta taɓa shan kwana a irin wannan gudun?"

"Ba a ba ta mota ba ne!"

Haka muke yi har a kira magariba. Shekarar da aka fitar da jadawali muka ga babu Kenya a ciki, ranar na ga ɓacin ransa na gaske. Ita kaɗai ce ƙasar Afirka a jerin, kuma ita ce tseren da yake jira shekara guda cur. Ya ce sun cire hanyar da ta yi kama da tamu, sun ƙara kwalta don su faranta wa irina rai. Kamar ni na zauna a taron! Wallahi sai da ya yi kwanaki yana amsa mini gaisuwa a daƙile. Dattijon ya ce a bar shi, takaba yake yi.

A daidai wannan lokacin ne idonsa ya fara tafiya, mu kuma ba mu lura ba. Mun dai ga kullum yana ƙara jawo bencinsa kusa da talabijin, har muna yi masa tsiya wai so yake ya shiga ciki ya karɓi sitiyari. Sai wata rana ya gogi wani ɗan acaɓa a kusa da kasuwa, da rana tsaka, ya rantse bai gan shi ba sam. Allah ya taƙaita, babu wanda ya ji ciwo. Da aka je asibiti aka ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cinsa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Aka ba shi maganin ɗigawa. Ya riƙa ɗigawa, abin yana ƙara gaba. Kafin damina biyu, haske da inuwa kawai yake bambancewa.

Bai daina zuwa PZ ba. Ni nake biyawa in ɗauko shi, ya zauna yana sauraron ƙarar injin, ina faɗa masa abin da ke faruwa. Musun ma bai bari ba. Amma garejin ya rufe, kuma mahaifiyarsa, wadda dukanmu muke kira Mama, ta karɓe makullin motarsa ta jefa a jakar da take zuwa coci da ita. Wata tsohuwar mota ce da ya haɗa da hannunsa, ƙofa daga nan, injin daga can. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, amma in ya tayar da ita sai ka ji daɗin ƙararta.

Daga baya Mama ta yanke shawarar komawa garinsu da shi, inda 'yan'uwa suke. Aka sami mai sayen motar, aka ce zai zo ɗauka ranar Litinin. Ranar Asabar abokina ya riƙe mini hannu a ƙofar gidansu.

"Malam, so nake in tuƙa ta sau ɗaya kafin a tafi da ita."

Na ce, "Oga, ka rufa mini asiri."

"Ka saurare ni mana. Direbobin can da muke kallo, da idonsu kaɗai suke tuƙi? Ba ga mutum nan a gefensu yana karanta musu hanya ba? Shi ke faɗa musu abin da ke bayan kwana tun ba su gani ba. Kai za ka zama shi. Hagu, dama, rage, miƙe. Shi ke nan fa."

Na kawo dalilai sun fi a ƙirga, ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Ranar da na gogi ɗan acaɓan nan ita ce ranar ƙarshe da na riƙe sitiyari. Ba na so a ce a kan wannan na ajiye." Daga nan na amince.

Washegari bayan an taso daga coci na je wajen Mama, na fara kame-kame wai za mu ɗan zaga gari ne a yi wa motar sallama, ni zan tuƙa. Ta dube ni ta saman tabarau ta daɗe.

"Ɗana, ni na haife shi. Na san abin da za ku je yi." Ta zuge jakar ta ɗora mini makullin a tafin hannu, ba ta sake shi nan da nan ba. "Ka dawo mini da shi lafiya."

Ni na tuƙa har muka wuce bariki, muka bar gidajen Basawa a baya, muka sauka kan wata hanyar burji da ke shiga ƙauyuka. Ƙarshen damina ne, dawa ta yi tsayi hagu da dama, kuma da yake Lahadi ce babu kowa a hanyar. Na tsaya, muka yi canjin kujera. Ya daɗe yana shafa sitiyarin da giyar kafin ya murza makulli. Ni kuwa duk addu'ar da na iya sai da na karanto ta, har da ta shiga kasuwa.

Jama'a, ya tuƙa. A hankali da farko, giya ɗaya, sannan biyu. Ina cewa "miƙe, miƙe, ɗan dama kaɗan, ya isa," yana bi kamar mun shekara muna yi. Can sai na ji ya fara ba ni labarin hanyar da kansa.

"Tsakuwa ce nan, ji yadda take watsi a ƙarƙashi. Yauwa, mun shiga yashi, bayanta ya fara rawa. Ka ji? Wannan kuma taɓo ne da ya fara bushewa." Duk abin da ya faɗa in na leƙa haka yake. Ya yi dariya ya ce, "Da kwaltarka ce, me za ta faɗa mini?"

Na ce yau dai na bar masa. Ya sa giya uku. Iska na shigowa, yana ta murmushi, rabon da in ga haƙoransa haka har na manta. Ni ma sai jikina ya saki, na fara jin kaina wani ƙwararre, har ina ƙara murya irin ta mutanen talabijin.

Muna shan wata 'yar kwana sai ga rami a gabanmu, ruwa ya zaizaye rabin hanyar ta ɓangaren dama. Ban gan shi ba sai da muka zo dab. Duk hagu da daman da muka yi ta bita suka gudu daga kaina. Abin da na saba yi wa kowane direba tun ina yaro shi ya fito. Na miƙa hannu ina nunawa ina ihu, "Yi nan! Yi nan! Nan!"

Ya taka birki, motar ta ja gefe, tayar gaba ta zurma bakin ramin, hancinta ya kwantar da karan dawar wani. Injin ya mutu. Babu wanda ya ji ko ƙwarzane.

Sai ya juyo da fuskarsa wajena, ba daidai inda nake ba, ɗan gefe kaɗan, ya ce a hankali, "Malam, ina ne nan?"

Na dubi hannuna, har lokacin yana miƙe a sama, yatsa na nuna hagu. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini a lokaci ɗaya irin na ranar ba.

Mai gonar ya fito daga cikin dawa da fartanya a kafaɗa, wani tsoho, yana faɗa tun daga nesa. Ya zagayo ta wajen direba ya ce, "Wane irin tuƙi ne wannan? Hanya ga ta fetal! Kai ba ka gani ne?"

Abokina ya ce, "Ba na gani, Baba."

Tsohon ya sunkuyo ya leƙa fuskarsa. Ya dube ni, ya sake dubansa. Ya ajiye fartanyar, ya kafa kafaɗa a gaban motar, ni da shi muka tura ta ta koma kan hanya. Da na fara ba shi haƙuri kan dawar, ya ɗaga mini hannu. "Allah ya ba shi lafiya," kawai ya ce, ya koma cikin gonarsa.

Na dawo ina ta rantse-rantse. Na ce mu sake, wallahi wannan karon zan zauna a kan hannuwana, hagu da dama kawai zai ji daga bakina. Hanyar gaba a miƙe take, ko rami ɗaya babu. Ya girgiza kai.

"Ba laifinka ba ne, Malam. Kai da ka fi kowa sanin halin da nake ciki ma ka nuna mini da hannu. Haka kowa zai riƙa yi mini daga yanzu. Gara da na fara ji daga wajenka."

Ya zare makullin ya miƙo, na karɓa. Ya fita, ya dafa motar yana bin jikinta da hannu har ya zagayo ɗaya gefen, ya buɗe ya zauna. Na so in kama shi, na fasa. Na shiga na tayar da motar, na tuƙo mu har Sabon Gari. Mama na zaune a ƙofar gida ko kayan cocin ba ta cire ba. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dubi ganyen dawar da ya maƙale a bamba, ta cire shi ta yar.

Sun tafi bayan 'yan makonni. Mun ci gaba da waya shekaru kaɗan, yana tambayata ko masu shirya tseren sun dawo cikin hankalinsu sun rage kwalta, ina ce masa sai ma ƙari. Wata rana ƙanwarsa ta kira ta ce ya rasu bayan gajeriyar jinya. Ban samu zuwa ba, garin da nisa.

Na daɗe ina tambayar kaina ko daidai na yi da na biye masa. Wani lokacin in ce na ba shi abin da ya roƙa, ya yi dariya, ya sa giya uku. Wani lokacin kuma in ce ni na ɓata masa ita a ƙarshe. Har yau ban tsaya a kan ɗaya ba, kuma ina jin ba zan tsaya ba. Abin da na sani shi ne yana yi mini ciwo har yanzu, ba kamar da ba, amma yana yi.

Wani abu ɗaya dai ya zauna mini. In na shiga keke ko tasi, ba na nuna hanya da hannu. Hannuwana suna kan cinyata, in ce hagu, in ce dama. Kwanaki wani mai keke ya gaji da ni ya ce, "Alhaji, ka nuna mini da hannu mana, ya fi sauƙi." Na ce masa ya yi haƙuri, ba na iyawa.