Tarwaɗar filina na Ladji

Jama'a, yau na ziyarci filina a cikin kwalekwale!

Filin unguwar Ladji nake nufi, wanda na saya da rani da gumin wainata. Na ɗora wake, na ce bari in leƙo filin. Ina sauka daga zem, wato acaɓa, ruwa iya ganinka! Wani masunci ya tuƙa ni.

Na ce, "Ɗana, ina filina?"

Ya ce, "Hajiya, ai kina kansa."

Innalillahi! Na kira dillalin da ya sayar min, wai in yi haƙuri, rani zai dawo. Ni da ko a awon shinkafa ba a taɓa cutata ba!

Masuncin ya miƙo min tarwaɗa biyu, ya ce, "Amfanin gonarki ne."

Na dawo gida Zongo, wake ya ƙone. Tarwaɗar muka ci.