Ranar da Aka Ja Baba Meshach

Duk wanda ya zauna a layinmu na Sauka Kahuta ya san Baba Meshach, kuma duk wanda ya san shi ya san maganarsa guda: "Ni ba a taɓa ja na ba." Shagon ɗinkina yana kallon ƙofar gidansa, saboda haka na sha jin wannan magana har na daina jin ta, kamar ƙarar keken ɗinkina.

Daga kudancin Kaduna ya zo Minna yana saurayi. Ya fara da yaron mota, ya zama direba, daga baya ya mallaki wata tsohuwar Landiroba koriya wadda ƙofarta ba ta rufuwa sai an ɗaure da waya. Da ita yake shiga ƙauyukan bayan Wushishi ranar kasuwa, ya fito da buhunan shinkafa da doya da mutane a kansu. Da damina waɗannan hanyoyi suna ne kawai. Inda sauran direbobi ke tsayawa su ce fasinja su ƙarasa da ƙafa, nan shi yake sa ogizilari, wato giyar da ke sa ƙafafu huɗu su ja tare, ya kutsa cikin laka yana waƙar coci.

Yana da wata igiya mai kaurin dantse da ba ta rabuwa da motar. Babu direban wannan hanya da igiyar nan ba ta taɓa fitar da shi daga taɓo ba. Ba ya karɓar komai, amma da ka biya shi da ya fi maka sauƙi, don sai ya shekara yana ba da labarinka a tasha. Wanda ya fi shan wannan wuya shi ne Ndatsu, wani Banufe mutumin Bida mai a-kori-kura, abokinsa na ƙut da ƙut. Ko gaisawa suke yi sai Baba Meshach ya ce, "Yau ina ka kafe?"

Yana da wani hali kuma. Bai yarda da abu mai taya ba sai ya gwada shi da kansa. In ka sayi babur, zai karɓa ya zagaya layi. In baro ne, zai tura shi cikin rami ya ji yadda yake kuka. Yakan ce, "Mota ba a sanin shi a kwalta. A laka ake sanin shi." Haka yake magana, a bakinsa mota namiji ce, kuma duk gidansa haka suke faɗi.

Sai ido ya fara ba shi matsala. Aka yi masa aiki, ɗaya ya ɗan gyaru, ɗayan ya ƙi. 'Yarsa Mabel, wadda ke aikin jinya kuma take aure a Limawa, ita ta karɓe makullin, ta tsaya kai da fata sai da aka sayar da motar. Igiyar kawai ya hana a tafi da ita, ya rataye ta a ƙusa a barandarsa. Tun daga nan ya koma zaman benci a ƙofar shagona. In babbar mota ta wuce titi sai ya yi shiru ya karkata kunne har ta ɓace. Ina tausayinsa, amma ban taɓa bari ya gani ba, don ba zai yafe mini ba.

Mutum ɗaya ce ta rage da yake yi wa tuƙi, jikarsa Shekinah, 'yar Mabel, wadda ba ta daɗe da shiga firamare ba. Yakan ɗora ta a cinya, ya riƙe murfin tukunya a matsayin sitiyari, su tafi Wushishi suna zaune a baranda. Yarinyar ta iya kiran ogizilari tun kafin ta iya ƙirga. Ta san yadda ake ɗaura igiya a gaban mota, ta san dokar kakanta cewa ba a barin mota a laka ko ta maƙiyinka ce.

Da Kirsimetin bara ya ƙarato, Mabel ta zo neman shawarar abin da za ta saya wa yarinyar. A bencina aka yi zancen. Ta ce 'yar tsana, Baba Meshach ya yi tsaki. Ta ce takalmin roba na shiga ruwa da 'yar tocila, ya ce waɗannan kayan fasinja ne. Ni na ce a ɗinka mata 'yar rigar kanikawa, aka yi kamar ban yi magana ba.

"Ki saya mata motan daji," in ji shi. "Mai manyan taya. Direba ne yarinyan nan."

Bayan 'yan kwanaki Mabel ta dawo da kwali ɗaure da jan ƙyalle. Ta ce in ta ajiye a gidanta Shekinah za ta tono shi, don haka ta kawo wa mahaifinta ajiya.

"Baba, don Allah kar ka buɗe," ta ce.

"Ni yaro ne?" in ji shi, har da ɓata rai.

Washegari da hantsi sai ga shi a shagona da kwalin a hammata. Wai ba buɗewa zai yi ba, so yake kawai in gaya masa abin da ke jikin hoton, tunda idonsa ba ya gani sosai. Na ce jar mota ce mai tayoyi kamar na tarakta, ana sarrafa ta da rimot, ga ta nan tana keta ruwa, laka na tashi ta ko'ina.

"Yana keta ruwa?" ya ce.

"Haka hoton ya nuna."

Ya shafa kwalin. Sannan ya ce, "Tela, ya zan ba jikana motan da ban gwada ba?"

Na ce, "Baba Meshach, amana aka ba ka." Ya ce ai amanar ce ta sa zai gwada. Mai hali dai ba ya fasa halinsa.

Matsalar ita ce a watan Disamba babu laka a Minna. Wani zai ce shi ke nan, Allah ya raba. Shi kuwa ya ɗauko fartanya ya zagaya bayan gida kusa da rijiya. Ya tara ƙasa ya yi tudu, ya haƙa rami mai tsawo ya ce rafi ne, ya dinga jan ruwa yana zubawa yana kwaɓawa da ƙafa kamar mai shirin gini. Dattijo mai furfura, wanda ake kira sasanta ma'aurata a cocinsu, ga shi da wando naɗe har gwiwa. Na bar ɗinkin mutane na tsaya kallo. Ana cikin haka Ndatsu ya iso.

Gaskiya motar ta hau tudun. Ta hau, ta sauko, ta sake hawa, tana watsa ƙasa. Baba Meshach ya riƙe rimot da hannu biyu yana karkata jiki duk inda ta karkata, yana dariya har da hawaye. Rabona da jin wannan dariya tun yana da Landiroba.

"Tudu kowa yana hawa," in ji Ndatsu. "Rafi fa?"

Mutumin da a da ba ya shiga rafi sai ya sauka ya auna zurfinsa da sanda, ranar bai auna komai ba. Ya juya motar ya danna. Ta shiga da ƙarfinta, ta kai tsakiya, ruwa ya shanye ta har rufi. Ta yi wani ɗan kuka siriri, tayoyin suka juya sau ɗaya, suka tsaya. Ya danna gaba, ya danna baya, shiru. Ashe ganin kitse muka yi wa rogo, hoton kwali daban, abin da ke ciki daban.

Na zaci Ndatsu zai faɗi ƙasa don dariya, tunda shekara da shekaru yake jiran wannan rana. Amma ya dubi fuskar abokinsa, ya haɗiye dariyar. Ina jin wannan ya fi yi wa Baba Meshach ciwo. Ya sunkuya ya tsamo motar, ruwan laka na zuba daga cikinta. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma shi da guga ya ja nasa.

Babu abin da ba a yi ba. An shanya ta a rana. An binne ta cikin buhun shinkafa, wai tana tsotse ruwa. An kai wa Zikrullahi mai gyaran waya, ya kwance ta, ya shinshina, ya ce abin da ke cikinta ya ƙone, kuma ba zai samu irinsa ba kafin bikin. Ndatsu ya kawo tasa dabarar: a wanke ta tas, a mayar cikin kwali, a ce haka ta zo daga shago.

"In ɗora wa mai shago laifin da bai yi ba?" in ji Baba Meshach. "A ranan haihuwan Yesu?"

Ya wanke ta ɗin, ya mayar, ya ɗaure jan ƙyallen. Amma ya daina zuwa bencina. In na hango shi a baranda sai ya juya baya kamar yana gyara wani abu. Sau biyu Mabel ta kira shi a waya ya kasa faɗa mata. Kunya ta hana shi cin abinci, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ranar Kirsimeti, bayan an taso daga coci, aka aiko mana da shinkafa da kaza kamar kowace shekara, ni da Ndatsu muka shiga yi musu barka. Muna zaune a baranda aka miƙa wa Shekinah kwalin. Ta yage shi, ta yi ihu, ta rungume motar, ta ajiye ta a ƙasa ta danna rimot. Ta sake dannawa. Ta dubi uwarta.

Mabel ta cire batir ta mayar, ta jijjiga, ta fara faɗa. "Wallahi mutanen nan ba su da tsoron Allah. Gobe zan koma shagon."

Baba Meshach ya miƙe tsaye cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya cire hula.

"Ba laifin mai shago ba ne. Ni ne."

"Baba, ka buɗe?"

"Na gwada shi."

"A ina?"

"A laka."

"Wane laka a Disamba?"

"Na haɗa," ya ce, da muryar da da ƙyar muka ji.

Ni kaina sai da na sunkuyar da kai. Mabel ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta dube shi, ta ce, "Baba, ka san kyautan da na shirya maka? Na roƙi Baba Ndatsu gobe ya ɗauke ka a gaban mota, ku bi tsohon hanyanka har bayan Wushishi. Da ka yi haƙuri kaɗan." Ndatsu ya kafa wa silifas ɗinsa ido, don da wannan sirri a cikinsa ya zuga abokinsa shiga rafi. Baba Meshach ya koma ya zauna, hularsa a hannu, kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Shekinah ta yi kukanta, kuka sosai, irin na yaron da ya daɗe yana jira. Babu wanda ya iya rarrashinta. Da ta gaji ta share hanci da hannun sabuwar rigarta, ta je ta tsaya a gaban kakanta.

"Kaka, ya kafe ne?"

"Ya kafe."

"Kai ka kafe shi?"

"Ni ne."

Ta yi ɗan tunani. "To ai ba a barin mota a laka."

Ta nufi igiyar da ke rataye a ƙusa, ta ja, ta ga ta fi ƙarfinta. Sai ta ɗauki jan ƙyallen kwalin, ta durƙusa ta ɗaura shi a gaban motar, irin ɗaurin da ya koya mata. Ta ɗauki rimot ɗin da ba ya aiki ta danƙa masa a hannu.

"Riƙe sitiyari. Wanda ake ja shi ma yana riƙe sitiyari. Tashi."

Ya dubi Mabel, ko za ta cece shi. Mabel ta kau da kai. Ya tashi.

Haka suka fito layi da rana tsaka, ranar da kowa ke waje da sababbin kaya. Yarinya a gaba tana jan jar mota, dattijo a baya cikin kwat, riƙe da rimot da hannu biyu, kansa a ƙasa. Ita kuwa tana ɗaga murya iya ƙarfinta: "Ku ba da hanya! Kaka ya kafe, ana jan shi!" Masu keke suka rage gudu. Mata suka leƙo ta katanga. Mutanen da suka shekara suna jin "ba a taɓa ja na ba" suka tsaya suna kallo, wasu na dariya, wasu na rufe baki. Bai saki rimot ɗin ba, bai kuma ce ta yi shiru ba. Sai da ta kai shi ƙarshen layi ta juyo da shi.

Da suka iso ƙofar shagona ya tsaya a gaban Ndatsu, idonsa jawur.

"To, ka gani," ya ce. "Je ka faɗa a tasha."

Ndatsu bai faɗa ba, amma ba a buƙatar ya faɗa. Washegari sun yi tafiyarsu ta Wushishi, kuma Ndatsu ya ce mini har suka je suka dawo Baba Meshach bai tsokane shi ko sau ɗaya ba, abin ma har ya dame shi.

Baba Meshach ya dawo zaman bencina yanzu. Kwanakin baya wani sabon maƙwabci, da ya ji an ce tsohon direban daji ne, ya tambaye shi ko an taɓa jan sa. Na tsayar da keken ɗinkina don in ji. Baba Meshach ya dubi ƙasa.

"Sau ɗaya," ya ce. "Kuma ni na kwaɓa lakan da hannuna."