Minti Goma a Bayan Katanga

Duk wanda ya tashi a ƙauyen Kilbrack ya san Malachy Devane, kafintan nan mai dogon wuya da ba ya taka filin wasa. Yara suna zaton bai san ƙwallo ba ne. Ina za su sani cewa a zamaninsa, in aka cilla ta sama, duk lardin babu mai riga shi cafewa.

Ƙwallonmu ta Ireland yake bugawa, wadda ake yi da hannu da ƙafa, mutum sha biyar kowane gefe. A lokacin kuwa ƙungiyar wasan ta ƙasa tana da wata doka: duk wanda ya buga ƙwallon Ingilishi, ta ƙafa zalla ko zari-ruga, ko da kallo ya tsaya yi, an dakatar da shi. Don kada dokar ta zama wasa, sai aka naɗa 'yan sa-ido a kowane lardi. Su an yarje musu su shiga filin haramun ɗin su zauna, wai don su rubuta sunayen 'yan kallo.

A shekarar 1958 Kilbrack ta kai wasan ƙarshe na lardi, abin da ba ta taɓa yi ba tun kafin a haifi Malachy. Shekarunsa talatin da uku, gwiwoyi sun fara ƙara, shi da kansa ya san in wannan ta wuce shi babu wata. Saura kwana takwas ya shiga birni sayen ƙusa da fenti, motar komawa ta tafi ta bar shi. Yana jiran ta biyu ya ji ihu a bayan wata katanga, ya ɗora gwangwanin fentin ya taka ya leƙa. Ma'aikatan tashar jirgin ruwa ne ke buga ƙwallon ƙafa. Ya yi minti goma yana kallo, motarsa ta zo ya hau.

Ranar Laraba aka kira shi ɗakin karatun firamare. Fada Keogh, limamin coci kuma shugaban ƙungiyar ƙauye, yana zaune a kujerar malami, gefensa kuma Fintan Mulqueen da ɗan littafi a hannu. Fintan ƙanin matarsa Nuala ne, kowace Lahadi a teburinsu yake cin dankali da kabeji. Sai ranar Malachy ya san ɗan sa-ido ne.

"Ɗana, ka kalla ko ba ka kalla ba?" in ji Fada.

"Na leƙa, Fada. Mota nake jira."

"Leƙe ai kallo ne."

"To shi wannan da ya gan ni, addu'a ya je yi a can?"

Fintan ya sunkuyar da kai. "Yaya, aiki aka sa ni. In na tsallake sunanka, gobe a ce don kana auren yayata ne."

Malachy ya juya ga Fada, ransa a ɓace. "Ni na kafa sandunan filinmu da hannuna. Samansu irin na 'yan zari-ruga ne, ƙasansu irin na 'yan ƙafa. Kakana ya ce a zamaninsu ƙauye da ƙauye ake karawa a gonaki, a ɗauka, a shura, a yi kokawa, kuma da ya je girbi Ingila haka ya tarar suna yi. Wasannin nan uwa ɗaya uba ɗaya suke, Fada. Masu alƙalami ne suka zauna a otal suka raba su."

"Ka iya zance," Fada ya ce. "Wata shida."

Ranar wasan an bar shi ya shiga, amma a cikin 'yan kallo. Yana tsaye yana ganin yaron da aka sa a gurbinsa yana tsalle kamar wanda aka ɗaura wa dutse. Da maki ɗaya tak aka ci Kilbrack. Abin takaicin, babu wanda ya ga laifin Fintan, ai shi amana ya riƙe. Malachy ne ya sayar da ƙauye saboda wasan Ingilishi. A mashaya in ya shigo sai wani ya ce, "A ba ɗan Ingila shayi." Shekaru aka yi ana wannan ba'a, ana dariya kamar yau aka ƙirƙiro ta.

Da wata shidan suka cika aka aiko ya dawo, ya ce a gaishe su. Ya ci gaba da sassaƙa katako, ya yi wa rabin ƙauyen ƙofofi, ya yi wa sauran rabin akwatin gawa, har da na Fada Keogh. Fintan bai daina zuwa cin abincin Lahadi ba, saboda Nuala. Malachy yakan miƙa masa gishiri in ya tambaya, iyakarta ke nan. Abu ɗaya yake jira daga bakinsa, ya ce ya yi kuskure.

A 1971 manyan ƙungiya suka taru, cikin yini guda suka soke dokar, har da tafi. Washegari da hantsi sai ga Fintan a shagon, da jarida a hammata, gashi ya fara furfura. Malachy ya ajiye zarto. Ya ɗauka ranar ce ta zo.

"Yaya, ka ji labari? Yanzu kowa ya kalli abin da ya ga dama."

"Na ji."

"Ni dama tuntuni na san dokar nan ba ta da kai." Fintan ya zauna a kan wani katako yana murmushi. "Kai, amma wasan nan na bayan katanga ya yi daɗi. Har yau ina tuna shi. Da ka ƙara haƙuri kaɗan, bayan tafiyarka sai da aka ci uku."

Malachy ya juyo ya dube shi.

"Har aka tashi ka zauna?"

"Har aka tashi mana. Ai da kyar na samu motar ƙarshe."

Malachy ya ɗauki zartonsa. "Tashi min daga kan katakon nan," ya ce. "Na mutane ne."