Gaiwa a randar sha

'Yan uwa, yau kifi ne ya kama ni!

Da hantsi maigida ya aiko mini da gaiwa daga tafkin hanyar Dogon Kiriya, wai in soya kafin ya taso daga aiki. Na sa wa ƙofar gida sakata, na ɗora mai kan gaz, na tsuguna zan gyara ta. Na ɗauka ta mutu. Ina taɓa kanta sai caraf, ta cafke mini babban yatsa! Na ja, ta ƙara datsewa. Mai ya fara hayaƙi, ɗayan hannuna kuma duk santsi, na kasa kashe gaz, na kasa zare sakata.

Na kurma ihu. Inna Hajo maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga.

"Mi ya same ki?"

"Inna, gaiwa ta ƙi sakina!"

"Ɗiyata, bar ja! Tsoma ta ruwa!"

Ruwan da ke kusa na randar sha ne. Na zura hannu ciki. Ta sake ni! Na kashe gaz da bakin zane.

Yanzun nan maigida ya kira: "Kifin ya soyu?"

Na ce, "Yana randa yana iyo. Zo ka fiddo abinka."