Rahoton Sumaila a kan Yahya

Sumaila haifaffen zangon Kumasi ne, amma yana ɗan shekara tara mahaifinsa ya kawo shi birnin Greensboro, can ƙetaren teku. A nan ya koyi besbol, wasan da ake jefo wa mutum ƙwallo ya maka ta da sanda ya ruga. Ya yi fice a sakandare, sai kafaɗarsa ta dama ta lalace yana ɗan shekara ashirin. Ya koma tuƙa motar 'yan makaranta a McLeansville. Idan lokacin zafi ya zo, wani kulob kan tura shi duba 'yan wasan ƙananan rukuni. Shekara goma sha bakwai ya yi yana zama bayan raga da agogon awo da ɗan littafi, yana rubuta wanda zai kai babban rukuni da wanda ba zai kai ba. An san shi da rashin ƙarin gishiri.

A watan Yunin bara Jerry, maigidansa a kulob ɗin, ya kira shi, ya ce ya duba wani Yahya a wasa biyar. Kulob ɗin da Yahya yake yana shirin sallamarsa, su kuma suna tunanin ɗaukarsa. Sumaila ya ce ya san gidansu: ɗan Alhaji Ɗantala ne, mai garejin gyaran mota a Pleasant Garden, sahu ɗaya suke tsayawa ran Juma'a. Jerry ya ce babu wani mai duba 'yan wasa a kusa, kuma ya yarda da idonsa.

Wajen tsaron fili Yahya ba shi da makusa. Ƙwallo ko ta ina ta ɓullo sai ya cafe, jifarsa kuma ba ta kauce wa hannun abokinsa. Matsalar tana wajen bugu. In an jefo masa miƙaƙƙiya yakan same ta, amma da zarar ta lanƙwasa sai ya bugi iska. Sau goma sha tara ya tsaya da sanda, uku kacal ya yi abin kirki. Ga shekara ashirin da shida, ga ƙafar hagu da yake ɗan ja idan ya kwasa da gudu, kamar mai ciwon gwiwa.

Ran Laraba, bayan wasan azahar, Hajiya Daso mahaifiyar Yahya ta tare shi a wajen ajiye motoci da kular dambu a hannu. Ba ta gane wasan ba, tafi kawai take yi in ta ga ana yi.

"Malam Sumaila, faɗa mini gaskiya," in ji ta. "Yaron nan zai yi gaba, ko mu ce ya dawo gida?"

Ya ce Allah ne masani. Ta miƙa masa kular ta juya.

Kwana uku yana rubuta rahoton yana gogewa. Ya yabi tsaron Yahya iyakar gaskiya, ya ƙare da cewa ba zai wuce inda yake ba. Ya tura. Kafin Yuli ya ƙare an sallami Yahya, babu kulob ɗin da ya neme shi.

Alhaji Ɗantala bai daina ba shi hannu a masallaci ba, sai dai ya daina tambayar iyali. Yahya ne ya same shi har gida, ya roƙi ganin rahoton. A tsaye ya karanta, har sau biyu.

"Har gwiwar ka gani, Baba?"

"Na gani."

Yahya ya ce ko kocinsa bai gaya wa ba, wata huɗu yana ɗaure ta a ɓoye. Ya mayar da takardar, ya yi sallama.

Yanzu yana garejin mahaifinsa yana canja birki. Bana Sumaila ya roƙi Jerry ya riƙa tura shi filayen Virginia, tafiyar awa uku, inda bai san iyayen kowa ba.