Kwalbar Kaka Mai Cibiya

Jiya ina zaune bakin hanyar Magama wani mai sai da fetur ya gifta a babur, kwalabensa suna gwaruwa ƙal-ƙal. Ku bar ganina da furfura, har yau ƙarar kwalba fama mani miki take.

Kakarmu ta wajen uba kwalabe biyu gare ta, cikin adudu ƙarƙashin gadon kara. Ɗaya fara tas, santaleliya, kana hango yatsanka ta bayanta, a kanti aka sayo mata. Ɗayar kuwa koriya ce mai duhu kamar ruwan kududdufi, wuya a karkace, jiki duk 'yan kumfa, in ka ajiye ta sai ta yi rawa kafin ta zauna. Mahaifinta ne ya zo da ita daga fatauci Agadas. A ciki take zuba turarenta, ta toshe da totuwa. Ranar ruwan farko takan buɗe ta, ƙamshin ya gauraye da na jiƙaƙƙiyar ƙasa, gidan duk ya ɗauka.

To akwai taubashina, ɗan goggona da ke aure a hayin Nijar. Da an yanke gero sai ga su a kan jaki. Ni kaka ke ce wa mai gida, shi kuwa ango, kuma ko wanda ya gudu daga makarantar allo irina ya san wa ake ba tsoka tsakanin biyun nan. Shi ake aika ɗauko adudu. Shi ake ɗiga wa turare a bayan kunne. Ni sai dai in raɓe shi in shaƙa.

Shekarar da jiki ya fara gaya mata, ta kira mu gindin tsamiya ta jera kwalaben a tabarma.

"Mai gida, kai ne ɗan namiji. Fara zaɓe."

Ban bari ta rufe baki ba na wawuri farar. Wata guda ina yi masa gwalo, ina cewa bawa sai karkatacciya, don a wasan taubasai ɗan mace bawan ɗan namiji ne. Ranar ce kaɗai a duniya na tabbata na kayar da shi.

Haka na girma, na yi dako a boda, na tura kura har gwiwa ta ƙi. Kwalbata na nan, ina goge ta duk sallah. Sai 'yan shekarun baya wani mutumin Maraɗi, mai sayen tsofaffin kaya yana kai wa Turawa, ya zauna wurin mai shayi yana jiran 'yan kwastan su sallami motarsu. Na ji yana cigiyar kwalaben da. Na ruga gida na naɗo tawa a rawani.

Ya bi gefenta da farce tun daga gindi har baki. Ya ce wannan layin ɗinki suke ce masa, wurin da ɓarin ƙwarya biyu na ƙarfe suka haɗu. In ɗinki ya tsaya a wuya, hannu ne ya ƙarasa bakin. In ya haye har leɓe kamar na tawa, inji ne ya haife ta, ita da 'yan'uwanta dubbai. Ta ainihi, in ji shi, yashi ake narkawa da kanwa a wuta har ya zama kamar zuma, a lakato a bakin bututun ƙarfe, mutum ya hura da numfashinsa yana juyawa. Sannan a manna mata sanda a gindi don a gyara baki, in an gama a ɓalle sandar. Tabon da ya rage shi ne cibiya. Kumfar nan kuwa iri suke ce mata, ita suke ɗagawa a rana suna kallo.

Na ce, "Koriya fa, mai karkataccen wuya, da tabo a gindi har yana yankan yatsa?"

Mutumin nan ya ajiye kofinsa. Ni kuma shayina ya koma maɗaci.

Da bakina na yi masa kwatancen ƙauyen, ina fata taubashin ya sayar kowa ya huta. Ya ƙi. Da na ji ya ƙi sai na ƙara jin zafi. Na haye boda da kaina da akuya, na ce musaya. Ya ce a'a. Na ce bawa da dukiyarsa ai na ubangijinsa ne. Ya kwashe da dariya har hularsa ta faɗi.

"Ranka shi daɗe, wa ya fara zaɓe?"

Yanzu duniya ta koma roba. Jikokina su sha lemo su yi ƙwallo da gorar, ba wanda zai yi gaba da ɗan'uwansa saboda ita. Wataƙila sun fi mu hankali. Amma ban ga abin da za su tuna kakarsu da shi ba.

Bara autana ya auri 'yar taubashin, auren zumunci. Da 'yan jere suka gama, sai taubashin ya ja ni gefe, yana wani sunkuyar da kai kamar mutumin kirki.

"Na maido maka da kwalbarka gida. Tana saman kabat ɗin amarya."

Na yi hamdala, har na rungume shi. Sai da motarsu ta tsallaka boda na tuna cewa suruki ba ya taka ɗakin matar ɗansa, ko gobara ake yi sai ya tsaya ya yi kira. Ga ta nan cikin gidana, ƙarƙashin kwanon da na rufa da gumina. Ran Juma'a in amarya ta buɗe ta, iska kan kawo mani har zaure. Nakan gyara zama in shaƙa.